Firgici da Mantuwa: Yadda Tashin Hankalin Farat Ɗaya Ke Shafar Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Gabatarwa

A duk lokacin da gobara ta tashi a kasuwa, ko ruwa ya ci gari, ko mota ta yi haɗari, ko kuwa ɓarayi suka faɗa wa ƙauye da tsakar dare, abu na farko da hukuma ke nema shi ne bayani daga bakin waɗanda abin ya faru a kan idonsu. Mai unguwa zai tambaya domin ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, 'yan sanda su rubuta nasu rahoton, jami'an ba da agajin gaggawa su ma su cike takardunsu. A nan ne matsala kan ɓullo. Mutum zai ce ɓarayin su biyar ne, da gari ya waye kuma ya ce su takwas ne. Mace za ta siffanta bindigar da aka nuna mata dalla-dalla, amma ta kasa faɗin ko mai riƙe da ita dogo ne ko gajere. Magidanci kuma a tambaye shi lambar wayar ƙanensa, wadda ya haddace shekara da shekaru, sai ya yi zuru kamar bai taɓa jin ta ba.

Sau da yawa akan ɗauki irin wannan a matsayin ƙarya, ko rufa-rufa, ko haɗin baki da masu laifi. Ta haka wanda aka zalunta kan koma abin zargi, wanda ya yi hasara ya rasa tallafin da ya cancanta, wani bawan Allah kuma a nuna shi da yatsa a kan laifin da bai ji ba bai gani ba. Binciken da masana suka shafe fiye da shekara 100 suna yi ya tabbatar da cewa firgici yana da tasiri na musamman a kan abin da mutum zai riƙe da abin da zai manta. Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da sauran jama'ar karkara baki ɗaya.

Abin da muke nufi da firgicin farat ɗaya

Firgicin farat ɗaya shi ne halin da jiki da zuciya ke shiga nan take idan mutum ya fuskanci barazana, ko ya zaci yana fuskantarta. Yakan zo da sauri, ya yi ƙarfi, sannan ya lafa cikin mintoci ko sa'o'i. Ya bambanta da damuwa mai daɗewa, irin wadda bashi ko doguwar jinya ko rikicin gida kan jawo, wadda ke cin mutum sannu a hankali tsawon watanni. Ba haɗarin rai kaɗai ke kawo shi ba. Tsayawa gaban alƙali, da shiga ɗakin jarrabawa, da jin mummunan sakamako daga bakin likita, duk suna iya tayar da shi.

Wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Walter Cannon, shi ne ya yi cikakken bayani a 1915 kan yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu idan an tsorata. A 1936 kuma Hans Selye, wanda ke aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya nuna cewa jikin ɓeraye yana mayar da martani iri ɗaya ga wahalhalu daban-daban, ko sanyi ne, ko rauni, ko guba. Daga baya masana sun ƙara hali na uku a kan faɗa da gudu, wato sandarewa, inda mutum zai ƙame ya kasa motsi ko ihu. Wannan ma aikin jiki ne, ba a zaɓarsa, saboda haka bai kamata a zargi wanda ya sandare da ragwanci ko amincewa da abin da aka yi masa ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Martanin jiki yana zuwa ne a zango biyu. Zangon farko cikin daƙiƙoƙi yake faruwa. A can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wani ɗan sashe mai kama da ƙwallon dabino da ake kira amigdala, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne. Da zarar ya hangi haɗari sai ya aika da saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda, kowace nauyinta kimanin giram 5. Su kuma sai su zuba sinadarin adirinalin cikin jini. Nan da nan zuciya za ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, gumi ya karyo, hanta ta saki sukari, jini kuma ya karkata zuwa manyan tsokokin hannu da ƙafa.

Zango na biyu ya fi tafiya a hankali. Ƙwaƙwalwa tana aika wani saƙon ta cikin jini zuwa waɗannan tsokoki na saman ƙoda, su saki sinadarin kotisol. Shi wannan yakan kai ƙololuwarsa ne bayan minti 20 zuwa 30 da fara tashin hankalin, kuma yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye kafin ya koma yadda yake. Kotisol yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa kai tsaye. Wannan jinkiri yana da muhimmanci ƙwarai, domin daidai lokacin da jama'a suka taru, jami'ai suka iso aka fara tambayoyi, a lokacin ne sinadarin yake kan ganiyarsa a jikin wanda ake tambaya.

Yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu

Masana sun kasa aikin tunawa gida uku, kuma za mu iya kwatanta shi da aikin manomi. Na farko shi ne ɗauka, wato abin da ido da kunne suka kwaso a lokacin da abu ke faruwa, kamar girbi. Na biyu shi ne adanawa, inda ƙwaƙwalwa ke kafa abin da aka ɗauka cikin sa'o'i da kwanaki, musamman a lokacin barci, kamar zuba hatsi a rumbu. Na uku shi ne tunowa, kamar ɗebo hatsin ranar da ake buƙata. Abin da ba a girba ba ba ya shiga rumbu, kuma abin da ke cikin rumbu ba ya amfani muddin ƙofar a toshe take.

Sai dai akwai inda misalin ya gaza. Hatsi yakan fito yadda aka zuba shi, amma abin da aka tuno sake harhaɗa shi ƙwaƙwalwa take yi duk lokacin da aka nema, kuma tana cike guraben da ta tarar da abin da ta ji daga baya ko abin da ta ga ya dace, ba tare da mai ita ya sani ba.

Sassa biyu ne suka fi ɗaukar nauyin wannan aiki. Ɗaya shi ne hifokamfus, wani lanƙwasasshen sashe da ke maƙwabtaka da amigdala, wanda ke haɗa abin da ya faru da wurinsa da lokacinsa. An gane muhimmancinsa ne daga labarin wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu a 1953 domin maganin farfaɗiya. Daga ranar har rasuwarsa a 2008 ya kasa riƙe sababbin abubuwan da ke faruwa da shi, ko da yake yana hira da mutane lafiya lau. A 1968 Bruce McEwen da abokan aikinsa suka gano cewa sinadarin damuwa yana taruwa a hifokamfus na ɓeraye fiye da sauran sassan ƙwaƙwalwa. Sashe na biyu shi ne na bayan goshi, wanda ke riƙe 'yan abubuwan da mutum ke aiki da su a halin yanzu, kamar lissafin canji ko kwatancen hanya. Abin da yake iya ɗauka a lokaci guda kaɗan ne, kimanin abu huɗu, ko da hankali a kwance yake.

Inda firgici ke ƙarfafa tunawa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bincike ya gaskata wannan magana. Idan adirinalin da kotisol suka hau a lokacin da abu ke faruwa, amigdala takan matsa wa hifokamfus lamba ya adana abin da kyau, domin mutum ya kiyayi irinsa nan gaba. Shi ya sa mutum zai manta abin da ya ci makon jiya, amma ya riƙe ranar da kwalekwale ya kife da su shekara 30 da suka wuce.

A 1994 Larry Cahill da James McGaugh da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya suka gwada wannan. Sun nuna wa mutane hotuna iri ɗaya, amma wasu an haɗa musu da labari na yau da kullum, wasu kuma da labarin yaron da mota ta buge ya ji mummunan rauni. Bayan mako ɗaya, waɗanda suka ji labarin mai tayar da hankali sun fi riƙe wannan ɓangare nasa. Amma waɗanda aka ba wani maganin zuciya mai tare aikin adirinalin kafin su kalli hotunan, ba su sami wannan ƙarin ba. Wannan ya nuna cewa sinadarin ne ke ƙara wa abin ƙarfi a cikin ƙwaƙwalwa. Mun kawo gwajin ne domin fahimta kawai, ba domin wani ya nemi irin wannan magani ya sha ba.

Inda firgici ke raunana tunawa

Hanya ta farko ita ce ƙuntata hankali. Tun a 1959 masanin halayyar ɗan Adam J. A. Easterbrook ya bayyana cewa gwargwadon tashin hankalin mutum, gwargwadon raguwar abubuwan da yake lura da su. Hankali yakan tattaru a kan tushen haɗarin, sauran abubuwa na gefe su wuce ba a ɗauke su ba. A 1987 Elizabeth Loftus da abokan aikinta suka nuna wa mutane hotunan wani mutum a gaban mai karɓar kuɗi a gidan abinci, wasu suka gan shi riƙe da bindiga, wasu riƙe da takardar cekin banki. Na'urar bin motsin ido ta nuna cewa masu kallon bindiga sun fi kafa mata ido, kuma daga baya sun fi kasa gane fuskar mutumin. Lokaci ma yakan rikice. A wani gwajin na wannan shekara, an nuna wa mutane fim ɗin fashin banki na daƙiƙa 30, amma da aka tambaye su daga baya, matsakaicin abin da suka ƙiyasta ya haura minti 2.

Gwajin da ya fi kusa da firgici na gaske shi ne wanda Charles Morgan da abokan aikinsa suka wallafa a 2004. Sun bi sojojin Amurka fiye da 500 da ke samun horon jure zaman fursunan yaƙi, inda aka hana su barci da abinci, aka kuma yi musu tambayoyi ido da ido na tsawon fiye da rabin awa. Kwana ɗaya bayan an sake su, aka jera musu mutane aka ce su nuna wanda ya tambaye su. Cikin waɗanda aka yi wa tambaya da tsanani, kimanin kashi 30 cikin 100 ne kawai suka nuna mutumin daidai, alhali cikin waɗanda aka yi wa da sauƙi an sami fiye da kashi 60. Waɗannan fa matasa ne masu ƙoshin lafiya da horo, kuma sun ga mutumin da haske, a kusa, na dogon lokaci. Sai a kwatanta da wanda aka tashe shi daga barci da hasken tocila a ido.

Hanya ta biyu ita ce toshe ƙofar tunowa. A 1998 Dominique de Quervain da abokan aikinsa suka koya wa ɓeraye wurin tsira a cikin wani kwatami, sannan suka tsorata su kafin gwaji. Waɗanda aka gwada bayan minti 2 da waɗanda aka gwada bayan awa 4 duk sun tuna wurin, amma waɗanda aka gwada bayan minti 30, lokacin da sinadarin damuwa ya cika jini, sun kasa. A 2000 aka yi makamancin gwajin da mutane a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan. An koya musu kalmomi, washegari aka ba wasu miligiram 25 na kotizon awa ɗaya kafin jarrabawa, sai adadin kalmomin da suka iya tunowa ya ragu. Darasin da ke nan shi ne, abin yana nan bai ɓace ba, kuma yakan dawo idan jiki ya lafa.

Ya kamata jami'ai su lura cewa tambaya a gaban manya ita kanta tana tayar da wannan sinadari. Hanyar da masana suka fi amfani da ita wajen sa mutum cikin damuwa a ɗakin gwaji, wadda aka tsara a birnin Trier na Jamus a 1993, ba ta ƙunshi duka ko barazana ba. Ana sa mutum ne ya yi jawabi na minti 5 gaban alƙalan da suka ɗaure fuska, sannan ya riƙa ɗebe 13 daga 1022 da baki, in ya yi kuskure ya koma farko. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaga kotisol a jikin mafi yawan mutane.

Hanya ta uku ita ce raunana sashen bayan goshi. Idan firgici ya yi yawa, wannan sashe yakan ja baya, abubuwan da jiki ya saba da su su karɓi ragama. Shi ya sa mai kiɗima ke kasa bin umarni mai matakai da yawa, ko ya nufi ƙofar da ya saba bi ko da ita ce ke cin wuta. Tun a 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka lura a gwajin ɓeraye cewa matsakaicin matsi ne ya fi taimakawa wajen koyon abu mai wuya, idan ya wuce kima sai koyo ya lalace. Ɗan fargaba kafin jarrabawa yana farkar da ɗalibi, amma razana tana kulle shi.

Yaƙinin mai shaida da gaskiyar abin da ya faru

Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma mukan ƙara yarda da mutum idan ya yi magana da ƙarfin zuciya. A nan ma akwai buƙatar taka-tsantsan. A ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse a sama da mutum bakwai a ciki. Washegari Ulric Neisser ya sa ɗalibansa suka rubuta inda suke da abin da suke yi lokacin da suka ji labarin. Bayan kimanin shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu, sai aka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun sauya komai, da wurin da mutanen da aikin, kuma da yawansu suna da cikakken yaƙini a kan sabon bayanin. Binciken da aka yi a Jami'ar Duke bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ya nuna abu makamancin haka: bayanai suna zaizayewa da tafiyar lokaci kamar na kowace rana, amma yaƙinin mutum yana nan daram.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. A Amurka, cikin mutum 375 da gwajin ƙwayar halitta ya wanke daga 1989 zuwa 2020 bayan an riga an yanke musu hukunci, kusan bakwai cikin kowane goma kuskuren mai shaida wajen gane fuska yana cikin abin da ya kai su kurkuku. Akasarin waɗannan shaidu sun yi imani da abin da suka faɗa.

Yadda aka yi tambaya ma yana iya sauya amsa. A 1974 Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka ragargaji juna sun ƙiyasta fiye da mil 40 a awa, waɗanda aka ce musu lokacin da suka taɓa juna kuwa suka ce kimanin mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako ɗaya aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Mutum 16 cikin 50 da suka ji kalmar ragargaza suka ce sun gani, sai 7 cikin 50 daga waɗanda suka ji kalma mai sauƙi. Idan kalma ɗaya za ta yi haka, to ina ga hirar dandali da jita-jitar waya, inda kowa ke jin bayanin kowa kafin hukuma ta iso?

Jagora ga masu karɓar bayani

Bisa ga abubuwan da suka gabata, muna ba masu unguwanni da dagatai da hakimai da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗannan shawarwari:

1. A fara da tsira da lafiya. A kai mutum wuri mai aminci, a duba rauninsa, a ba shi ruwa, a sanar da shi halin da iyalinsa ke ciki.

2. A farko a tambayi abin da ceto ke buƙata kawai: wa ya ɓace, wa ya ji rauni, ta ina aka bi. Cikakken bayani ya jira har hankali ya kwanta, amma kada a ja shi kwanaki da yawa, domin jita-jita na iya shiga ciki.

3. A ji kowane mai shaida shi kaɗai, ba a tsakiyar taro ba, kuma a roƙi shaidu kada su tattauna abin a tsakaninsu kafin a rubuta nasu. Mace a ba ta damar zama tare da wata 'yar'uwa da ta amince da ita, yaro kuma da babban da ya saba da shi.

4. A bar mutum ya kawo labari da bakinsa ba tare da katsewa ba. A ce, "Baba, faɗa mini abin da ka gani," ko "Inna, daga nan sai me ya faru?" A guji irin su "Ai wane ne, ko ba shi ba ne?"

5. A shaida masa cewa idan ya ce bai sani ba, ko bai tuna ba, amsa ce karɓaɓɓiya. Matsa wa mutum sai ya faɗi adadi ko suna yakan haifar da ƙiyasi, ƙiyasin kuma daga baya ya zauna masa kamar gaskiya.

6. A rubuta kalmominsa yadda ya faɗa, da rana da lokaci, a kuma rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji a bakin wasu.

7. Idan ya dawo da ƙarin bayani bayan kwana ɗaya ko biyu, a rubuta shi a matsayin ƙari, kada a yi gaggawar ƙaryata shi. Haka kuma kada a ɗauki bayanin a matsayin tabbatacce sai an gwada shi da wasu hujjoji.

8. Kada a kawo mutum ɗaya tilo a ce wa mai shaida "shi ne?" Aikin tantance wanda ake zargi na 'yan sanda ne da kotu. Ɗaukar doka a hannu bisa shaidar wanda ya firgita na iya salwantar da ran marar laifi.

Ga malamai da iyaye

Yaron da ya iya karatu a gida amma ya yi tsit a gaban allo, sau da yawa ƙofar tunowa ce ta toshe masa. Tsawa da bulala a wannan lokaci ƙara rufe ta suke yi. A ba shi ɗan lokaci, ya ja numfashi a hankali, ya fara da tambaya mai sauƙi. Wani gwaji da aka wallafa a 2016 daga Jami'ar Tufts a Amurka, da ɗalibai 120, ya nuna cewa waɗanda suka yi bita ta hanyar rufe takarda su gwada tunowa da ka, damuwar da aka sa su ciki washegari ba ta rage musu komai ba, saɓanin waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kawai. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce tilawar da ɗaliban makarantun allo ke yi ba tare da duba allon ba. Barci isasshe a daren jarrabawa ya fi kwana ana karatu amfani.

Ga ma'aikatan lafiya da na agaji

Uwar da ta kawo ɗanta yana jijjiga ba za ta riƙe dogon bayani a kan magani ba. A taƙaita umarni zuwa abu biyu ko uku, a faɗa a gaban wani ɗan'uwa, a sa ta maimaita da bakinta, sannan a rubuta ko a yi alama a jikin takardar maganin. Haka ma wajen rajistar waɗanda bala'i ya shafa. Ambaliyar 2022 ta hallaka fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, sannan a Satumbar 2024 ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta mamaye yankuna da dama na Maiduguri. A irin wannan yanayi, wanda ya kwana a kan rufin ɗaki yana iya rikita shekarun 'ya'yansa ko yawan awakinsa. A ba shi damar gyara bayaninsa, a kuma tabbatar ta hannun mai unguwa da maƙwabta.

Shirin da kowane gida zai iya yi

Tun da mun san ƙwaƙwalwa na iya kullewa a ranar tashin hankali, hikima ita ce a sauke mata nauyi tun ana zaune lafiya. A rubuta lambobin wayar 'yan'uwa da na mai unguwa a takarda, tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. A tara muhimman takardu a leda ɗaya a wurin da kowa ya sani. A tsayar da wurin haɗuwa idan an watse, a kuma gwada bin hanyar da yara sau da yawa, domin abin da ƙafa ta saba da shi shi ne ke saura idan tunani ya tsaya.

Lokacin da ya wajaba a je asibiti

Mafi yawan mutane suna warwarewa cikin kwanaki ko 'yan makonni, da taimakon iyali, da addu'a, da barci, da komawa ayyukan yau da kullum. Jagoran taimakon farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya ce a saurari wanda yake son magana, amma kada a tilasta wa kowa ya maimaita labarin abin da ya same shi. A 2013 kuma hukumar ta ba da shawarar kada a ba da magungunan sa barci irin su diyazefam domin maganin firgici a watan farko bayan mummunan abu. Saboda haka muna gargaɗin jama'a da su guji sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis ko hannun 'yan talla.

A garzaya asibiti nan take idan mantuwa ta biyo bayan buguwa a ka, ko ta zo da amai, ko yawan gyangyaɗi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, domin waɗannan alamun rauni ne a ƙwaƙwalwa ko shanyewar ɓarin jiki. A nemi likita kuma idan bayan wata ɗaya mutum yana ci gaba da mugayen mafarkai, ko ganin abin yana dawo masa kamar yanzu yake faruwa, ko yawan zabura, ko ƙaurace wa mutane. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Wannan ciwo ne da ke da magani, kuma ba hauka ba ne. Ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, su kuma su tura zuwa ƙwararru, kamar asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, ko sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da haƙƙin masu irin wannan lalura.

Kammalawa

Firgici yana kafa gundarin abin da ya faru a zuciya, yana zubar da bayanan gefe, yana toshe tunowa na ɗan lokaci, kuma yana barin mutum da yaƙinin da wani lokaci ya fi gaskiyar abin da ya riƙe. Muna kira ga shugabannin al'umma da su karanta wa jama'arsu wannan bayani a tarukan unguwa da na ƙungiyoyi, su kuma yi aiki da jagoran da ke sama a duk lokacin da aka kawo musu rahoto. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi jami'in watsa labarai ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa. Allah Ya kiyashe mu da tashin hankali, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.